Ɗana ya haddace sunayen siffofi, amma ba ya gane su

Assalamu alaikum Malama. Ni uwa ce, muna zaune a Gusau. Ɗana na biyu shekararsa takwas, yana aji uku na firamare. Tarawa da ɗebewa ba sa ba shi wahala, amma tun da aka shiga darasin siffofi masu jiki, irin su kiyub da silinda da kon, ya rikice. Zai jero miki sunayen tiryan-tiryan, amma in an nuna masa hoto sai ya kira kiyub sukwaya, ƙwallo kuma ya ce sakul. A gwajin da aka yi musu an tambaye shi fuskokin kiyub nawa, ya rubuta uku. Babansa ya zane shi, ya ce wasa ya sa a gaba, kuma ya ce in nemo mai lesin, alhali kuɗin makarantar ma da ƙyar muke haɗawa. Ni karatuna a ƙaramar sakandare ya tsaya. Yanzu da ya ga na ɗauko littafin lissafi sai hawaye. Don Allah yaya zan yi?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya raya mana su, Ya yi musu albarka.

Bari in fara da amsar nan da ya sha bulala a kanta. Ki ɗauko dunƙulen Maggi ki ajiye a kan faranti, ki zauna ki dube shi, kada ki taɓa. Fuska nawa kike gani? Ta sama, ta gaba, sai ta gefe guda. Ki tashi ki zagaya ta inda kike so, ki sunkuya, ki miƙe, ba za ki taɓa ganin fiye da uku a lokaci ɗaya ba. Hoton da ke littafinsa ma haka aka zana shi. Ke nan yaronki ya ƙirga abin da idonsa ya nuna masa, kuma ƙirgarsa daidai ce. Yaron da wasa ya ɗauke wa hankali cankar amsa yake yi, ya rubuta goma ko ɗari ya miƙa takarda. Naki ya tsaya ya duba. Abin da ya rasa shi ne wanda zai ɗora masa abin a tafin hannu ya ce juya ka ga sauran ukun.

Wannan ita ce matsalar gaba ɗaya. Waɗannan siffofi suna da tsawo da faɗi da kauri, takarda da allon bango kuwa tsawo da faɗi kawai gare su. A yawancin azuzuwanmu malami zai zana siffar a allo, yara su kwafa, ya faɗi sunan da Turanci su amsa da ƙarfi, a wuce. Ba na ɗora wa malamin laifi kai tsaye, don mai aji cike maƙil da yara, ga manhaja tana korarsa, ba kullum yake samun sararin shigowa da kwalaye da gwangwanaye ba. Amma abin da ake nema daga yaron ya yi kama da a nuna miki ɗan hoton fasfo na wani mutum, a ce ki shiga kasuwa ki gano shi ta ƙeya.

Wasu malaman lissafi 'yan ƙasar Holan, miji da mata, Pierre van Hiele da Dina van Hiele-Geldof, sun yi nazarin wannan tun 1957. Abin da suka fitar shi ne yaro yana hawa ilimin siffofi ne mataki-mataki. Da farko yana gane siffa da kamanninta kawai, ya ce wannan kamar akwati, wancan kamar ganga. Daga nan ya fara lura da halayenta, fuskoki nawa, ina ya miƙe, ina ya lanƙwasa. Sai can gaba ya iya danganta wata siffa da wata. Sun kuma nuna cewa ba shekaru ne ke ɗaga yaro daga mataki zuwa mataki ba, irin koyarwar da ya samu ce. Ɗanki ana yi masa tambayar mataki na biyu, bai taka na farko da hannunsa ba. Tun kafin su ma, Bajamushen nan Friedrich Froebel da ya ƙirƙiro makarantar renon yara a wajajen 1840, cikin kayan farko da yake miƙa wa ƙananan yara akwai ƙwallon katako da silinda da kiyub, su yi ta juyawa kafin kowa ya tambaye su suna.

To ke ba ki buƙatar na katako, kicin ɗinki ya wadatar. Ki nemi kwando ki tara dunƙulen Maggi, ɗan ludo, kwalin ashana, sandar sabulu, kwalin ganyen shayi, gwangwanin madara, gwangwanin tumatir, guntun alli, mazurari, lemun zaƙi, ƙwallon yara, in akwai curin fura ma ki haɗa. Littafin kuwa ki ɓoye shi tukuna. Yaron da ke kuka da ganin littafi ba a fara masa da littafi.

Ranar farko kada ki ambaci sunan komai. Ki jingina tire ko allonsa a jikin dutse ya yi gangare, ki ce ya riƙa sako kayan ɗaya bayan ɗaya, amma kafin ya saki kowanne ya faɗa miki ko zai gangara ko zai zame. Lemu zai gangara duk yadda aka ajiye shi. Kwalin ashana ba zai gangara ba ko ta yaya, sai dai ya zame. Gwangwanin madara ne zai ba shi mamaki, in ya kwantar da shi ya gangara, in ya tsayar da shi ya zame. Mazurari kuma in aka tura shi a ƙasa ba ya tafiya gaba, kewaya kansa yake yi. A nan ki jefa masa tambaya ɗaya, me ya sa? Sai ki yi shiru. Wannan shirun shi ne ya fi wuya ga iyaye, domin bakinmu na ƙaiƙayin ba da amsa. Ki bar shi ya yi ta kame-kame har ya ce wannan ai yana da wajen zama, wancan ba shi da shi. Da ya faɗi haka ya gano bambancin shimfiɗaɗɗiyar fuska da lanƙwasasshiya da kansa, kuma abin da yaro ya gano da kansa ba ya mantawa da wuri.

Daga nan ki ce ya gina hasumiya da kayan. Zai ga kwali yana hawa kan kwali, gwangwani yana hawa kan gwangwani in an tsayar, lemu kuwa ya ƙi. Ki tambaye shi me ya sa masu buga bulo ba sa yin shi mulmulalle, me ya sa kuma mai ɗaukar durom ɗin mai yake kwantar da shi ya mirgina.

Batun kiran kiyub sukwaya, da ƙwallo sakul, yana da magani mai sauƙi. Ki baza gari a tire, ko yashi mai ɗan danshi a tsakar gida. Ya danna dunƙulen Maggi a ciki ya ɗaga. Sawun da ya bari shi ne sukwaya, wato murabba'i, abin da ke hannunsa kuma shi ne kiyub. Ki ce masa ya ɗauko miki sawun. Zai yi dariya ya ce ba ya ɗaukuwa. To shi ke nan, ɗaya ana ɗaukarsa, ɗaya shatarsa ce kawai. Ya juya dunƙulen ya danna kowace fuska, zai ga sawu iri ɗaya yake samu har sau shida. Ya gwada da kwalin ashana, zai ga sawu iri uku, babba da dogo siriri da gajere, kowanne sau biyu. Wannan shi ne bambancin kiyub da kuboid, wato siffa irin ta kwalin ashana, kuma ya fi duk wani bayani da zan rubuta miki. Gindin gwangwani zai bar da'ira, wato sakul. Lemu kuwa rami kawai zai bari, don ba shi da fuskar da zai zauna a kanta.

Sai ƙirga. Yara suna ɓata a nan ne saboda suna juya abu su manta wadda suka ƙirga, su maimaita ta. Ki ba shi alli ko gawayi ya riƙa ɗiga wa kowace fuska alama. Ɗan ludo ya fi komai daɗi a wannan aikin tunda an riga an yi masa lamba daga ɗaya zuwa shida, kuma in ya lura zai ga duk fuskoki biyun da ke baya da baya in an haɗa su bakwai suke bayarwa, ɗaya da shida, biyu da biyar, uku da huɗu. Ki bar masa wannan ya je ya burge abokansa.

Bayan fuska akwai abu biyu da za a tambaye shi a jarrabawa: layin da fuska biyu suka haɗu, wanda za ki iya kira masa gefe, da tsinin da gefuna suka haɗu, wato kusurwa. Waɗannan a jikin kwali suna da wuyar ƙirgawa, don haka ku gina ƙashin siffar. Ki karya tsinken tsintsiya guda 12 tsawonsu ɗaya, ki mulmula yumɓu ko kwaɓaɓɓiyar fulawa mai tauri ƙanana guda 8. Amma kada ki gaya masa adadin. Ki zube masa tsinke da yawa, ki ajiye ɗan ludo a gabansa, ki ce ya gina irinsa. Zai haɗa huɗu a ƙasa, ya kafa huɗu a tsaye, ya rufe da huɗu a sama. In ya gama ki ce ya ƙirga tsinken da ya ci da curin da ya ci. Daga ranar, in aka ce masa kiyub yana da gefe 12 da kusurwa 8, ba haddar lamba yake ba, yana tuna abin da ya gina. Dala mai gindin murabba'i tsinke 8 take ci da curi 5, huɗu a ƙasa, ɗaya a ƙololuwa, fuskokinta kuma biyar. In kun gina su biyun ki ce ya ɗan taɓa kowanne. Kiyub ɗin zai yi ta rangaji yana neman karkacewa, dalar kuwa ta tsaya ƙyam. Siffar mai kusurwa uku ce ba ta karkacewa, shi ya sa kafinta yake haɗa katakon rufin kwano a haka.

Dala ita ce ta fi wuyar samu a kicin. Iyayenmu sun ga dalar gyaɗa a Kano da idonsu, yaran yanzu sai a hoto, kamar yadda suke ganin na Giza a Masar da na Meroe a Sudan. Amma mai lemu ko mai tumatir da ya kasa kayansa huɗu a ƙasa ɗaya a sama, dala ya gina. Ki nuna masa in kun je cefane. Kon kuma ga jinkar ɗaki da ta rumbu a ƙauye, ga malfa, ga takardar da ake naɗewa a zuba gyaɗa ko gugguru.

Akwai wani aiki da nake so ki ba shi lokaci sosai, domin shi ne gadar da za ta mayar da shi ga takarda. Ki samo kwalin man goge baki da ya ƙare, ki bi ta inda aka manna shi ki ɓanɓare a hankali har ya baje. Ku yanke 'yan kunnuwan da aka sa wa gam. Abin da ya rage fuskoki shida ne kwance a jere. Ki ce ya nuna miki wacce ce saman kwalin, wacce ce ƙasansa, sannan ya naɗe ya ga ko ya canka. Wannan bajajjen hoto yana fitowa a jarrabawa a azuzuwan gaba, a tambayi yaro wace siffa zai bayar in an naɗe, kuma wanda bai taɓa ɓare kwali da hannunsa ba yakan tsaya yana cizon biro. Kiyub kaɗai ana iya baje shi ta hanya 11 mabambanta. Ki kuma yanka takardar da ke naɗe a jikin gwangwanin tumatir daga sama zuwa ƙasa, ki tambaye shi wace siffa za ta fito kafin ki warware. Kusan kowane yaro da'ira yake cewa. Ki warware ya ga doguwar takarda mai kusurwa huɗu, ki kalli fuskarsa.

Ki kiyayi abu ɗaya. In kullum gwangwanin madara kike nuna masa, zai ɗauka silinda dole sai mai wannan tsawo da wannan kauri. Ki kawo masa alli da bututun ruwa, dogaye sirara, ki kawo gwangwanin man takalmi, gajere mai faɗi, ya ga duk dangi ɗaya ne: da'ira biyu masu girma ɗaya, da jiki lanƙwasasshe a tsakani. Ki kwantar, ki tsayar, ki karkata. Sannan ki kawo masa waɗanda suka yi kama amma ba su ba ne, ya kama su da laifi. Bokiti ba silinda ba ne, bakinsa ya fi gindinsa faɗi. Ƙwai ba sifiya ba ne, wato siffar ƙwallo, gefe ɗaya ya fi tsini. Ƙwarya rabin sifiya take kama da shi. Mazurari ma kon ne mai jela, ki gaya masa gaskiya. A ganina yaron da ya iya faɗin dalilin da ya sa bokiti ya fita daga layi ya fi wanda ya haddace sunaye goma fahimta.

Suna shi ne na ƙarshe. Duk bayanin nan ki yi shi da Hausa, yadda kuke magana a gida, kada ki takura kanki da Turancin da zai sa ku duka biyu ku rikice. In ya riga ya san abin ciki da waje, sai ku buɗe littafin, ya kwafi sunan kowace siffa yadda aka rubuta a 'yar takarda, ya manna a jikin abinta. Tunda kin ce ya haddace sunayen, wannan ba zai ɗauke shi kwana nawa ba, dama mazauni suka rasa. Wasan da ke kafa su shi ne ki zuba kayan a buhu, ya zura hannu ba tare da ya leƙa ba, ya laluba ya faɗi suna kafin ya fito da shi. Ƙannensa da yayyensa za su shigo da kansu, ki bar su.

Wata 'yar gargaɗi a kan silinda da kon. Littattafan firamare ba su yi ittifaƙi a kan ƙirgarsu ba. Wani littafin zai ce silinda fuska uku gare ta, ya haɗa da lanƙwasasshen jikin, wani ya ce biyu, ya ware jikin daban. Haka wani zai ƙirga tsinin kon a matsayin kusurwa, wani ya ƙi. Kada ki yi gardama da yaro a kan wannan. Ki duba abin da malaminsa ya ba su a littafin rubutu, shi za a yi makin da shi.

Komawa ga hoto kuma, ki ajiye kwali a gabansa ya zana abin da yake gani. Sannan ki nuna masa layukan nan masu ɗigo-ɗigo da ake sakawa a hoton littafi, ki ce su ne gefunan da ke baya waɗanda ido bai kai gare su ba. In an ɗauke wuta da dare, ki haska gwangwani da tocila a jikin bango. Ta gefe inuwarsa mai kusurwa huɗu ce, ta baki kuma da'ira. A nan zai fahimci cewa abu ɗaya yana iya ba da hoto biyu, kuma hoto ba ya faɗin komai da komai.

Duk wannan ba aikin yini ɗaya ba ne. Minti goma ko sha biyar ya isa, kina tsinkar zogale ko kina jiran tukunya ta tafasa. Ba lokacin da ya dawo daga makaranta da yunwa ba, ba kuma yana shirin tafiya Islamiyya ba. Ki tsaya tun yana so a ci gaba.

Saura maigida. Ba zan ce ki je ki tuhume shi ba, don shi ma tsoron kada yaron ya lalace ne ya sa shi ɗaukar bulala. Ki bari sai ya ci abinci ya huta, ki ajiye masa dunƙulen Maggin a gabansa, ki ce Baban wane, don Allah fuska nawa kake gani daga nan inda kake zaune? Ki bar shi ya ƙirga. Ba sai kin ƙara komai ba. In ya sauko, ki roƙe shi ya ɗauki nasa kason: in za su wuce wajen masu buga bulo ko inda ake gini, ya tsaya da yaron minti biyu ya tambaye shi bulo wace siffa ce, tankin ruwa fa. Kuma ga abin da zai iya gwada yaron da shi, tunda maza suna son abin da ke da ƙa'ida. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, Leonhard Euler, ya rubuta a 1750 cewa a irin waɗannan siffofi masu shimfiɗaɗɗun fuskoki, in ka haɗa yawan fuska da yawan kusurwa, za su fi yawan gefe da biyu. Kiyub fuska 6 da kusurwa 8 sun ba da 14, gefensa 12. Dala 5 da 5 sun ba da 10, gefenta 8. Ba za a tambayi ɗan aji uku wannan ba, amma hanya ce da zai riƙa duba ƙirgarsa da kansa. Ba ta aiki a kan silinda da kon da sifiya, kada a gwada a ce ƙarya ce.

Mai lesin kuwa, a kan wannan darasin ban ga buƙatarsa ba, musamman in shi ma allo zai kafa ya sake zana hoton da ya rikita yaron. Kuɗin ya tafi ga kuɗin makaranta. Abin da ya fi amfani shi ne ki leƙa makarantar ki gaisa da malaminsa, ki ce kina taimaka masa a gida, ki tambayi waɗanne siffofi ne za su fito a wannan zangon don kada ki cika masa kai da waɗanda ba a kai ba. In kuma kin lura yana ƙanƙance ido in yana kallon abu daga nesa, ko yana manna fuska a littafi, ko abin da yake kwafowa daga allo yana zuwa a karkace, ki kai shi asibiti a duba idonsa, ki kuma roƙi malamin ya dawo da shi layin gaba kafin nan.